Adireshin Aro Da Sunan Da Ba Ya Sauyawa

A wannan mako zan ɗauki wata tambaya da ke damun masu sanya kyamarar tsaro a gida ko a shago: me ya sa jiya mutum ya leƙa gidansa ta waya daga nesa, yau kuma hoto ya ƙi zuwa?

Sau da yawa amsar tana cikin adireshin intanet, wato lambar IP. Tsarin IPv4 da aka kafa a 1981 lambobi kimanin biliyan 4.3 kawai yake iya samarwa, kuma a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta rabar da ragowar da ke hannunta. Saboda ƙarancin nan, kamfanin da ke ba ka intanet aron lamba yake ba rautar gidanka na wani wa'adi. Idan wa'adin ya cika, ko aka ɗauke wuta rauta ta sake tashi, ana iya ba ka wata. Wayarka kuwa tana can tana sallama a tsohuwar ƙofa.

Maganin wannan shi ne suna. Tun 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, kundin da ke haɗa kowane suna da lambarsa. Akwai reshensa da ake kira DDNS: ka yi rajistar suna guda, duk lokacin da lamba ta sauya sai rauta ta sanar da mai kundin ya gyara. Misalinsa ɗan kasuwa ne mai yawan sauya rumfa, amma kullum yana shaida wa sarkin kasuwa inda ya koma.

Sai dai ina da jan hankali guda biyu. Na farko, yawancin kamfanonin wayar salula suna tara masu hulɗa da yawa a bayan lamba ɗaya. A irin wannan hali sunan zai kai baƙo bakin unguwa ne kawai, ba zai kai shi zaurenka ba. Duba lambar waje da rautarka ke nunawa. Idan ta faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to ka nemi kamfanin ya ba ka lambar kanka kafin ka kashe kuɗi.

Na biyu ya fi nauyi. Ƙofar da ka buɗe wa kanka, ɓarawo ma yana iya samunta. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tara dubban kyamarori da rautoci waɗanda masu su ba su sauya kalmar sirrin da suka zo da ita ba, aka afka wa kamfanin Dyn na Amurka da su, har Twitter da Netflix suka gagari mutane da dama.

Shawarata ita ce, kafin ka raɗa wa gidanka suna a intanet, fara da sauya kalmar sirri, ka kuma rufe duk ƙofar da ba ka buƙata. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.