A Nemo Mana Kyamarar da Ba Ta Cin Caji



Hotunan da ke manne a allon nan duk daga tsofaffin jaridu muka yanko su. Babu hoton wasannin intahaus ɗinmu, babu na 'yan JSS 3 da suka fita bara, babu na ajin da iska ta yaye wa kwano. Kowa ya san dalili: an hana ɗalibi shigowa da waya. Ni ina goyon bayan wannan doka. Abin da nake roƙo shi ne ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta samu tsohuwar kyamara mai fim, irin wadda ake murɗawa da hannu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, fim wata doguwar leda ce a naɗe cikin ɗan gwangwani, an shafa mata sinadari mai azurfa. Idan haske ya taɓa ta, sai ya bar sawu. Ana sa ta a bayan kyamara a rufe. Duk danna ɗaya hoto ɗaya ne, sai ka ja wani ɗan hannu da babban yatsa, ledar ta matsa gaba. Naɗi ɗaya yana ɗaukar hoto 24 ko 36, daga nan ya ƙare. Ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Shi ya sa har yau muke cewa "wanke hoto", ko da a kwamfuta aka buga shi.

Akwai wata mai suna Pentax K1000 da aka yi ta ƙerawa daga 1976 har zuwa 1997, kuma makarantu da yawa a ƙasashen waje da ita suka koyar da ɗaukar hoto. Ɗan ƙaramin batirin da ke cikinta na awon haske ne kawai. Ko an cire shi tana ɗauka. Ba ta da intanet, ba ta da gem, ba a satar amsa da ita. To wane malamin ladabtarwa ne zai ƙwace ta?

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yi maka komai. Kai za ka juya gilashin gaba har mutumin ya fito tar. Kai za ka zaɓi faɗin ramin da haske zai bi, da tsawon lokacin da ƙofar za ta zauna a buɗe. Masu ɗaukar hoto suna da wata tsohuwar dabara: idan rana ta take, ka sa rami a lamba 16, saurin ƙofa kuma ya zo kusa da lambar da ke jikin fim. Idan fim ɗin 100 ne, ka sa 125. Idan akwai gajimare ko hazon hunturu, sai ka ƙara buɗe ramin zuwa 11 ko 8. Mu da rana ba ta yi mana rowa, wannan dabara kamar don mu aka yi ta. Kuma darasin haske da muke haddacewa a ajin kimiyya, ga shi nan a hannu.

Na san abin da za a ce: tsada. Gaskiya ne. Fim ba ya samuwa a kowane shago, masu wanke shi ma sun yi ƙaranci. Kamfanin Kodak da kansa ya shiga matsalar bashi a 2012, alhali injiniyansa Steven Sasson ne ya haɗa kyamara maras fim tun 1975. Amma fim bai mutu ba. Kodak na yin sa har yanzu, Ilford na Ingila ma na yin baƙi da fari, kuma a 2024 Pentax ta fito da sabuwar kyamarar fim. Mu ba da yawa muke buƙata ba. Naɗi ɗaya mai 36 a zangon karatu na mako 12, hoto uku ke nan kowane mako. Allonmu ma ba zai ɗauki fiye da haka ba.

Kuma ƙarancin nan yana da amfani ga ɗan jarida. Wanda aka ba hoto uku kacal ba zai ɓata su a kan abokinsa yana turo baki ba. Zai tsaya ya yi tunani, zai nemi izinin wanda zai ɗauka, zai jira mai gudu ya iso bakin igiya.

Wankin baƙi da fari ba ya buƙatar inji. Ana sa fim a cikin wani ɗan tulu a wuri mai duhu, a zuba ruwan magani na farko da ke fito da hoto, sai na biyu da ke tsayar da shi, a ɗauraye a shanya. Wasu ma da garin kofi da sodar wanki da bitamin C suke haɗa na farkon. Wannan kam sai malamin kimiyya yana tsaye, kada wani ya ce shayi ne.

Kada mu raina irin waɗannan kyamarori. J.D. 'Okhai Ojeikere ɗan Nijeriya ne, ya sayi ƙaramar kyamara Brownie a 1950 yana ɗan shekara 20. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan ƙasar nan, har ya tara hotuna kusan 1,000. Yau ana rataye su a manyan gidajen tarihi na duniya, kuma saboda su ake ganin yadda kitson wancan lokaci yake. A Bamako ta ƙasar Mali, Malick Sidibé ya ɗauki matasan garinsu a wuraren biki, yana kuma gyaran kyamarori, shagonsa cike da su. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venice na Italiya. A garinmu ma an yi masu hoto, su suka ɗauki auren kakanninmu da hawan sallah. Ina kayan aikinsu yanzu?

Wasu suna cikin akwati suna shan ƙura. Wasu an sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai sayi biredi ba, alhali a wasu ƙasashe mutane neman su suke suna tarawa. Ban da matsala da masu tarawa, sun fi masu zubarwa. Sai dai jera kyamara a kanta kamar kwanon amarya ba ya yi mata alheri. Idan ta daɗe ba a danna ta ba, man da ke cikinta yana daskarewa, laimar damina kuma tana sa gilashin ya yi fumfuna.

Don haka kowa ya tambaya a gida, musamman wanda kakansa ko kawunsa ya taɓa sana'ar hoto. Idan an samu, kada a yi gaggawar buɗe bayanta. Mai yiwuwa akwai fim a ciki, kuma haske zai ƙona duk abin da ke kansa. Kada a goge gilashin da bakin riga. Aro muke nema, za a rubuta sunan mai ita, a ajiye ta a ofishin malamin da ke kula da ƙungiya.

Shugaban makaranta kuma, ranka ya daɗe, abin da muke roƙo a wurinka kuɗin naɗi ɗaya ne da wankinsa, mu gwada a zango mai zuwa.