Kwantar da tayar gaba ba ya mayar da Corolla motar tsere

1/ Jama'a, a yi haƙuri, yau sai na taɓo masu kwantar da tayoyin gaban mota har su yi kamar ƙafar gwame, wai don ta riƙe kwana. Wanda ya gaya muku haka ya cuce ku. Ku biyo ni.

2/ Abin da makanikai ke kira kamba shi ne jirkicewar taya in ka tsaya a gaban mota ka kalle ta. In saman tayar ya karkata ciki, shi ne wanda samari ke nema. Kuma gaskiya yana da amfani, amma ɗan kaɗan.

3/ Ga dalili. In ka sha kwana, nauyin mota yana komawa kan tayar waje, jikin motar ya rinjaya can. Ƙananan motoci irin su Corolla da Golf, da Civic daga 2001, ƙafar gabansu samfurin MacPherson ce, wato shokabzoba ce ke riƙe da saman ƙafar. Irin wannan ƙafa in mota ta rinjaya sai tayar ta bi ta, ta koma tana taka ƙasa da gefenta na waje. To in tun farko ka ɗan karkatar da ita ciki, a tsakiyar kwana sai ta zauna daram a kan kwalta. Hikimar ke nan, ba wani sihiri.

4/ Nawa ne ɗan kaɗan? Kamfani yakan bar ta ƙasa da digiri 1. Mai son ta ƙara riƙe kwana a titi, digiri 1 zuwa 2 ya ishe shi. Da ido ma da kyar za ka gane.

5/ Mu yi lissafi. Taya mai faɗin milimita 195, in ta jirkice digiri 1.5, bambancin gefe da gefe kusan milimita 5 ne, roba za ta shanye shi. Kai ta digiri 8, ya zama milimita 27. Wato gefen waje yana shan iska, kana tafiya a kan bakin taya. Malam, da me za ka taka birki?

6/ Kuma ka tuna Corolla gaba take ja. Tayoyin nan biyu su ke jan mota, su ke juya ta, su ke ɗaukar mafi yawan birki. Su ne ka rage wa ƙasa.

7/ Wani zai ce ai motocin tsere ma haka suke. To a gasar Formula 1 ta Beljiyam a 2011, Red Bull sun wuce digiri 4 da Pirelli ya ba da shawara, gefen ciki na tayoyinsu na gaba ya yi bororo. Masu injiniyoyi da kwamfuta ke nan, a kan titin da ba rami ko ɗaya. Kai kuma da tsohuwar taya 'yar Kwatano, a hanyar da rami ke jiran ka bayan kowace kwana. Haba!

8/ Wancan kwantarwar da kuke gani a TikTok salon ado ne daga Japan, na nuni da ɗaukar hoto. In ado kake so ka ce ado. Kar ka ce kwana.

9/ Wanda ya fi ɓata min rai shi ne yadda ake yin aikin. A goge ramin ƙusar shokabzoba a buɗe shi, ko a sa siririyar ƙusa da ba ta wurin ba, a ɗaure, a ce an gama. Ƙusoshi biyun nan su ke haɗa ƙafar da taya fa. Akwai ƙusar kamba da aka ƙera don wannan aiki, a nemo ta. Ba kai kaɗai ke cikin motar ba, ga ƙannenka a baya, ga mai Keke Napep a gabanka.

10/ Sannan duk wanda ya taɓa kamba ya taɓa saitin tayarod, ko ya sani ko bai sani ba. Tayoyin za su koma suna kallon juna ko suna kallon waje, kuma wannan ya fi kamba cin taya. Dole a hau injin alaimen bayan aikin, hagu da dama kar su bambanta da fiye da rabin digiri, in ba haka ba sitiyari zai riƙa ja gefe.

11/ Kafin ma a kai nan, a duba bushin da boljoyin da iskar taya. In waɗannan sun mutu, lambar da injin ya nuna maka a gareji ba ita za ka samu a titi ba.