Masu yi wa bikin rami dariya, ku dakata mu yi magana

Da muka kawo labarin bikin kimiyya na garin Lid, a jihar Dakota ta Kudu ta Amurka, wasu sun ce wai Turawa sun ƙoshi ne shi ya sa suke wa rami biki. To mu ba mu yarda ba.

Ramin nan tsohuwar mahaƙar zinariya ce mai suna Homstek. An yi sama da shekara 120 ana haƙa, aka rufe a 2002. Mun san abin da rufe mahaƙa yake wa gari: aiki ya tsaya, samari su watse. Amma su ba su bar ramin ya mutu ba, sun mayar da shi ɗakin bincike, kusan mita 1,500 ƙarƙashin ƙasa.

Me ake nema can? Wata ƙwayar halitta ce da ake kira nutirino, wadda rana ke fesowa. Biliyoyinta na ratsa ko da farcen yatsanka a kowace daƙiƙa, ba ka ji ba ka gani. A saman ƙasa wasu ƙwayoyi daga sararin sama suna rikita na'ura, shi ya sa ake sauka inda dutse ke tare su. A wannan rami Raymond Davis ya kafa ƙatuwar tanki cike da ruwan wankin tufafi tun shekarun 1960, ya ƙirga kusan kashi ɗaya cikin uku kacal na abin da lissafi ya ce. An daɗe ana zaton kuskure ya yi. Ashe nutirino ce ke sauya kama a hanya. A 2002 aka ba shi kyautar Nobel.

Bikin kuma fa? Kowane watan Yuli masanan suna fitowa gaban mutanen gari, kyauta, ba tikiti. Yara su taɓa kayan gwaji da hannunsu, tsohon mahaƙi ya yi tambaya a ba shi amsa. Wannan ba shagali ba ne, bayar da bahasi ne. Kuɗin jama'a ake kashewa a ramin, dole a faɗa wa jama'a abin da ake yi da shi.

A nan ne abin ya shafe mu. Mahaƙar yuraniyom ta ƙarƙashin ƙasa a Akokan, kusa da Arlit, an rufe ta a 2021 bayan sama da shekara 40. Ba cewa muke a kai irin wannan bincike can ba, don tiririn yuraniyom zai ɓata shi. Tambayarmu ita ce: yaranmu nawa suka san yadda dutsen nan ke zama wutar lantarki? Jami'ar Yamai na ɗauke da sunan Abdu Mumuni, masanin da ya yi rayuwarsa yana binciken zafin rana. A fadarku, mutum nawa za su iya faɗin aikinsa?

Ana cewa yunwa ta fi kimiyya gaggawa. Wallahi mun san yunwa. Amma famfon sola da ke shayar da garka ai kimiyya ce.

Malaman jami'o'in Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ku ware rana ɗaya a shekara. Ku fito fili da madubin duba ƙwayoyin cuta da faifan sola, ku yi bayani da Hausa. Mu za mu kawo yaran, da tabarmi.