Filin 'Yan Makaranta: Adon Magana A Jarrabawar Adabin Ingilishi

Kowace shekara, da zarar lokacin jarrabawar fita sakandare ya ƙarato, akan ga 'yan makaranta sun duƙufa a kan haddar waɗansu dogayen kalmomin Turanci masu sarƙe harshe, irin su fasonifikeshan da haifaboli. Da yawa daga cikinsu sun ɗauka cewa wanda ya haddace sunayen nan ya gama da Adabin Ingilishi. Alhali kuwa sanin suna daban, sanin aiki daban, kuma a kan aikin ne mai duba takarda ya fi zuba maki.

Lamarin ba na wasa ba ne, domin yawancin jami'o'in Nijeriya ba su ɗaukar ɗalibi a sashen koyon aikin lauya ko na Ingilishi sai ya ci wannan darasi da kyau. Yaron da ya yi masa riƙon sakainar kashi yana iya zaman shekara guda a gida, iyayensa kuma su sake biyan kuɗin jarrabawa.

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ta kasa jarrabawar gida uku a manhajarta ta 2021 zuwa 2025. Takarda ta farko tambayoyi 50 ce na zaɓen amsa, cikin awa ɗaya: 20 a kan sanin adabi da kalmominsa, 10 a kan waƙa da zube waɗanda ɗalibi bai taɓa gani ba, sauran 20 kuwa a kan wasan Shekisfiya. Watau ke nan tambayoyi 30 daga cikin 50 babu wani littafin aji da zai ceci ɗalibi a kansu, sai sanin adon magana.

To, abin da ya kamata ya kwantar wa ɗalibi Bahaushe hankali shi ne, babu ɗaya daga cikin dabarun nan da yake baƙo a gidansu. Masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, sun daɗe da raɗa musu sunaye da Hausa. Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne ya haɗa sunan Turanci da abin da kunnensa ya saba ji tun yana goye.

Na farko shi ne kamantawa, wadda Turawa ke kira simili. In aka ce "haƙoranta farare kamar auduga", an ajiye abubuwa biyu mabambanta kafaɗa da kafaɗa, an haɗa su da kalmar "kamar". Turanci ma yana da 'yan kalmomi biyu masu wannan aiki. Amma a yi hattara: "Audu ya yi tsawo kamar wansa" ba adon magana ba ne, gama mutum aka gwada da mutum.

In kuwa aka cire "kamar", aka ce kai tsaye "Audu zaki ne", an shiga siffantawa, watau metafo. Sunan wasan Wole Soyinka, The Lion and the Jewel, wanda aka buga a 1963, siffantawa ce guda biyu: zakin shi ne Baroka, tsohon basaraken Ilujinle, abin adon mai tsada kuwa ita ce budurwa Sidi. Ɗalibin da ya gane haka ya riga ya hango farautar da wasan ya ƙunsa.

Sai mutuntarwa, fasonifikeshan ɗin nan mai ban tsoro, wadda ba kome ba ce illa bai wa abin da ba mutum ba halin mutum, kamar a ce "damina ta yi sallama" ko "yunwa ta kore shi daga gari". Kambamawa kuwa, ko haifaboli, ita ce zuzuta abu fiye da kima, irin "na kira ka sau dubu". Haka nan wanda ya ce "ya riga mu gidan gaskiya" maimakon "ya mutu" ya yi sakaya zance, abin da ake kira yufemizim.

Akwai tagwaye biyu da suka fi kayar da 'yan makaranta. Magidancin da ya ce "baki goma nake ciyarwa" ya ambaci sashen jiki yana nufin mutum ɗungurungum. Wannan sinekdoki ke nan. Wanda kuwa ya ce "fada ta yi kira" ya ambaci wuri yana nufin sarki, alhali fada ba sashen jikin sarki ba ce, alaƙa kawai ke tsakaninsu; wannan shi ne metonimi. Tambayar da ɗalibi zai yi wa kansa guda ce: abin da aka ambata yanki ne na abin da ake nufi, ko kuwa maƙwabcinsa ne?

Aironi kuma iri uku ne. Na baki shi ne gatse, kamar uwar da ɗanta ya fasa tulu ta ce masa "sannu da aiki". Na biyu shi ne inda al'amari ya juye ya saɓa wa abin da aka zata. A cikin Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958, Okonkwo ya ƙare rayuwarsa yana gudun abin kunyar mahaifinsa Unoka, daga bisani ya rataye kansa, mutuwar da ta sa danginsa ba su iya ko taɓa gawarsa, sai baƙi. Na uku na dandamali ne, inda 'yan kallo suka san abin da ɗan wasa bai sani ba. A Othello, wasan da ke cikin manhajar 2016 zuwa 2020, 'yan kallo suna ganin makircin Iyago ƙuru-ƙuru, Othello kuwa yana ta amince masa, har ya kashe matarsa Desdemona a kan ƙarya.

Daɗin daɗawa, akwai aligori, inda labari duka yake tsaye a madadin wani. Animal Farm na George Orwell, na 1945, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara da sunan Gandun Dabbobi, labarin juyin mulkin Rasha na 1917 ne da abin da ya biyo baya, alade Napoleon kuwa yana wakiltar Sitalin.

A takardun da ake rubuta doguwar amsa, wajibi ne ɗalibi ya bi matakai uku: ya faɗi sunan dabarar, ya nuna inda take, sa'an nan ya bayyana abin da ta ƙara wa ma'ana. In marubuci ya ce talauci ya shimfiɗa tabarma a gidan wani, bai isa a rubuta "mutuntarwa" a wuce ba. Sai a ƙara da cewa an mai da talauci baƙon da ba shi da niyyar tafiya, abin da ke nuna daɗewar wahalar da kuma kasawar mai gida. Mataki na uku nan shi ne wanda akasari ake tsallakewa.

Saboda haka yana da kyau kowane ɗalibi ya keɓe littafin rubutu, ya raba shafi uku: sunan Turanci da ainihin haruffansa kamar yadda yake a littafin aji, misali daga maganar gida ko ta kasuwa, da misali daga littafin jarrabawa. Malamai kuma lalle su riƙa farawa da misalin Hausa kafin na Turanci. A mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin nan zai duba amsa-amo da karin waƙa.