Makon Ɗalibai Ko Makon Maroƙa?

Jadawalin Makon Ɗalibai na bana ya fito. An manna shi a allunan sanarwa na kowace tsangaya da ƙofofin ɗakunan kwana, an kuma watsa shi a wayoyin jama'a. Mun karanta shi tun daga Litinin har zuwa Lahadi, mun sake karantawa don kada mu zalunci kowa, kuma abin da muka gani ya hana mu yin shiru. Tun da akwai sauran lokaci kafin a fara, gara a yi maganar yanzu, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Bari mu fara da ba kowa hakkinsa. Akwai abubuwa masu kyau a cikin tsarin. Gasar ƙwallon ƙafa tsakanin tsangayoyi tana nan, haka ma ranar al'adun gargajiya, inda Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi da Babarbare kowa zai fito da tufafin gidansu da abincin garinsu. An ware safiya guda don ba da gudummawar jini, wata kuma don sharar harabar makaranta. Duk waɗannan mun yaba. Ba mu cikin masu ɗaure fuska su ce ɗalibi bai kamata ya yi dariya ba. Wanda ya kwashe watanni yana fama da lacca da gwaji ya cancanci ya sarara, kuma idan an buga ƙwallon za a same mu a bakin fili muna ihu kamar kowa.

Inda gizo ke saƙar shi ne daren Asabar. A wannan dare, wanda shi ne ƙololuwar makon, an ba da babban ɗakin taro kacokan ga liyafar cin abinci da raba lambobin yabo. Sunayen waɗanda za a karrama sun cinye fiye da rabin takardar: 'yan majalisa, da kwamishinoni, da shugabannin ƙananan hukumomi, da 'yan kwangila, da waɗanda kowa ya san suna zawarcin kujera a zaɓe mai zuwa. An raɗa wa wannan gwarzon ilmi, an kira wancan garkuwan matasa. To, muna tambayar kwamitin zartarwa na ƙungiyarmu, cikin ladabi: wane ilmi ne gwarzon ya ɗaukaka, kuma wane matashi ne garkuwar ta kare? Wa ya zauna ya auna aikinsu? A wane zama ne Majalisar Wakilan Ɗalibai ta amince da sunayen? Ba mu ga malami ko ɗaya a jerin ba, ko tsohon ma'aikacin laburare, ko matan da ke share ɗakunan kwananmu tun kafin mu farka.

Kada mu yaudari kanmu, kowa ya san yadda ake wannan ciniki. Ana buga wasiƙa mai tambarin ƙungiya, a yi ayari a kai wa Mai Girma har gida. Ranar biki ya iso a makare da jiniya da 'yan rakiya, a tashi tsaye, sanƙira ya yi ta zuba masa kirari, a miƙa masa ɗan allon katako mai ƙyalli, a ɗauki hoto. Shi kuma ko ya miƙa ambulan a bayan fage, ko ya yi shelar gudummawa mai kauri wadda sau da yawa daga shelar ba a ƙara jin labarinta. Kashegari hoton ya hau fasta, a ce ɗaliban jami'a sun yi masa mubaya'a. Watau an sayar da sunanmu duka, mu dubbai, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya ba. Kuma wanda ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Ƙungiyar da ta rataya wa kwamishina lambar yabo ranar Asabar, da wane baki za ta rubuta masa takardar kuka bayan wata guda a kan kuɗin tallafin karatu na jiha da aka riƙe? Bakin da ya ci shi ne ke jin kunya.

Karramawa ba laifi ba ce idan an san abin da ake karramawa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa, kuma babu wanda ya tambayi dalili, domin aikin mutumin yana kunnen kowa daga Funtuwa har Yamai. Yabon da ake tallarsa gida gida kuwa, Hausawa suna da suna dominsa tun kafin a kafa jami'a. Roƙo ne. Maroƙin kasuwa ma ya fi mu gaskiya, tun da shi bai taɓa ɓoye sana'arsa ba.

Yanzu a dubi inda aka jefa babban taron ɗalibai, watau zama ɗaya tilo a shekara da kowane ɗalibi ke da ikon miƙewa ya tambayi shugabanninsa. An sa shi ranar Jumma'a da ƙarfe ɗaya na rana, a ƙaramin ɗakin lacca da ba ya ɗaukar ko aji guda na 'yan shekarar farko. Haba jama'a! Wane ne bai san inda yawancin mutanen wannan makaranta suke nufa a wannan sa'a ba? Wanda ya zaɓi wannan lokaci ba mantuwa ya yi ba. So yake a buɗe taro, a duba a ga kujeru wayam, a rufe da addu'a, a rubuta cewa ɗalibai ba su da ƙorafi. Muhawara tsakanin tsangayoyi kuwa, wadda a da ake cika ɗaki dominta har a hau tagogi, an rubuta a gabanta cewa za a sanar da wuri nan gaba. Mun san ma'anar wannan nan gaba.

Alhali kuwa ba a taɓa samun lokacin da ɗalibi ya fi bukatar a zauna a yi magana kamar yanzu ba. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki na wata 9, daga Maris zuwa Disamba. A 2022 ta sake yin na wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata 17 ke nan cikin shekara 3 da ƙofofin jami'o'in gwamnati suka kasance a garƙame, kuma har yau akwai waɗanda ke biyan bashin wannan lokaci da shekarunsu. Tun da aka janye tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023, kuɗin motar ɗalibin da ke zaune a cikin gari ya ninninka, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista a wannan shekarar. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wutar lantarki ga rukunin da ake kira A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni, jami'o'i suka shiga kukan kuɗin wuta, mu kuma muka koma karatu da fitilar waya. Sai kuma rancen karatu na asusun NELFUND da aka fara bayarwa a 2024. Ba shi da ruwa, gaskiya ne, amma bashi ne, ana fara biya shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ɗalibai nawa ne suka sa hannu suka karɓa ba tare da wani ya zaunar da su ya warware musu sharuɗɗan ba? Ina laifin a ware yamma guda a cikin kwana bakwai, a gayyato wanda ya san dokar, a yi masa tambayoyi? Ba mu ma taɓo batun jarkokin da ke layi a bakin rijiyar burtsatse tun asuba ba, ko ɗakin mutum huɗu da mutum goma ke kwana a ciki. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai sami layi guda a jadawalin ba.

Akwai kuma wani rashi da ya fi waɗannan ciwo, domin shi ba kuɗi yake ci ba. A duk tsawon makon babu ko minti ɗaya da aka keɓe don tunawa da ɗaliban da suka rasa rayukansu kafin ƙungiya irin tamu ta sami bakin magana. Ga waɗanda ba a gaya musu ba, bari mu faɗa. Ranar 1 ga Fabrairu 1971 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a Jami'ar Badun, a wata zanga-zanga da ta samo asali daga kukan ɗalibai a kan abinci. A Afrilun 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga Naira 1 da kwabo 50 zuwa Naira 2. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ba ta yarda ba, ta nemi Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. Aka harbe Akintunde Ojo a Jami'ar Ikko, aka buɗe wuta a Zariya wasu ɗalibai suka faɗi, aka haramta NUNS, shugabannin jami'o'in Ikko da Zariya suka bar kujerunsu. A kan kwabo 50 fa! Ba don ɗaliban wancan zamani sun fi mu talauci ba. Sun gane cewa ƙarin da aka yi shiru a kansa yau shi ne zai rufe wa ɗan talaka ƙofa gobe.

Abin da ya biyo baya ya fi dacewa da maganarmu. A Afrilun 1986 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwano don tunawa da waɗanda aka kashe a 1978. Hukuma ta ce sun karya doka da suka ratsa ta ɗakin kwanan mata na Amina, ta hukunta shugabanninsu. Ɗalibai suka tashi, ranar 23 ga Mayu 'yan sanda suka shiga harabar Samaru suka yi harbi, aka rasa rayuka. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, daga bisani kuma a 1989 ta fito da Doka ta 47 don takura wa ƙungiyoyin ɗalibai. A lura da kyau: mafarin wannan musiba tunawa ce. Waɗancan sun ɗauki tunawa da 'yan'uwansu abin da ya isa a fito titi dominsa. Mu da babu soja a kanmu, babu dokar da ta hana mu tsayawa shiru na minti ɗaya a ɗakin taro, mu ne muka ga babu fili a takarda, saboda sunayen manyan baƙi sun cika ta.

Mun san amsoshin da za a ba mu, domin mun sha jin su. Za a ce babu kuɗi, sai da taimakon manya ake iya biki. To, ina kuɗin ƙungiya da kowannenmu ya biya lokacin rajista? Nawa aka tara, nawa aka kashe, a kan me? Har yau ma'aji bai karanta mana lissafi ba. Kuma muhawara nawa take ci? Tebur ne, da kujeru, da lasifika, da ruwan sha. Abin da ke cin kuɗi shi ne hayar rumfuna da kaji da allunan yabo da rigunan 'yan kwamiti, watau ana roƙon manya ne don a sami abin da za a tarbi manyan da shi. Za a ce ɗaliban yanzu ba sa son lacca, kiɗa suke so. Wannan raini ne. Malamai irin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman sun cika ɗakunan taro a Zariya da matasa masu son kiɗa da ƙwallo kamar mu, saboda abin da ake faɗa ya shafi rayuwarsu. A ƙarshen shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo na can suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Maska suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolin manoman. Nishaɗi ne, amma mai ɗauke da kaya. A kira taro a kan kuɗin rajista da ruwan sha da ƙarfe huɗu na yamma, a babban ɗaki, sa'an nan a zo a gaya mana ko ɗalibai suna zuwa. Za a kuma ce ana gudun fitina. Ba mu kira kowa ya fasa gilashi ko ya tare hanya ba, kuma duk mai wannan niyya ba namu ba ne. Mutanen da aka ba wurin faɗin damuwarsu a zaune ba su cika neman faɗinta a titi ba, hukumar jami'a ma ta fi kowa cin ribar wannan.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma duka ana iya yinsa kafin ranar buɗewa. A mayar da babban taron ɗalibai zuwa babban ɗakin taro, a ranar da ba ta ci karo da sallar Jumma'a ko ibadar Lahadi ba, ma'aji da sakataren kuɗi su zo da littattafansu su karanta a bainar jama'a. A sa wa muhawara wuri da lokaci a rubuce. A buɗe makon da tunawa da waɗanda suka faɗi a 1971 da 1978 da 1986, wani daga Sashen Tarihi ya ba sababbin ɗalibai labarin. Jerin masu karɓar lambar yabo kuwa a kai shi gaban Majalisar Wakilai, a karanta suna bayan suna tare da aikin da mai sunan ya yi wa ɗalibai, wanda aka rasa abin faɗa a kansa a soke shi. Idan liyafar ta gagara saboda haka, sai a ci tuwo a kafteriya, ba wanda zai mutu.

Majalisar Wakilai za ta zauna kafin makon ya kama, kuma tana da ikon mayar da jadawalin ga kwamitin da ya tsara shi. Kowane ɗakin kwana da kowace tsangaya suna da wakili a cikinta. Ku neme shi, ku nuna masa rasiɗin kuɗin ƙungiyar da kuka biya, ku tambaye shi ɓangaren da zai jefa ƙuri'arsa. Mu kuma za mu halarci zaman, mu buga yadda kowane wakili ya yi a fitowa ta gaba.