Kimiyya a Gareji: Sabuwar sandar giya tana ƙara wa mota gudu?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani ɗan SS2 a Barnawa, wanda yake zuwa gareji koyon kanikanci bayan an tashi daga makaranta. Ya ce yayansa ya sayo sandar giya a kasuwa, irin wadda ake cewa mai gajeren zango, zai cire ta kamfani ya sa ta, wai don motarsa ta ƙara gudu. Shin haka ne?

Amsa ita ce a'a. Gudu daga inji yake fitowa, ya bi ta giyabos ya isa tayoyi. Aikin sanda kawai ta kai saƙon hannun direba zuwa giyabos. Ku tambayi dattawan Kakuri da suka yi aiki a kamfanin Peugeot, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975. Za su gaya muku tsohuwar 404 giyarta a jikin sitiyari take, ba a ƙasa ba, kuma aikin duk ɗaya ne.

To me sabuwar sandar take canzawa? Ku tuna darasin liba a Fiziks. Sandar giya tana juyawa ne a kan wani ƙwallo da ke ƙarƙashin robar da ta rufe gindinta. Mu ɗauka daga ƙwallon zuwa hannu santimita 24 ne, daga ƙwallon zuwa ƙasa kuma 4. Idan hannu ya yi tafiyar santimita 12, ƙasan zai motsa 2, giya ta shiga. A sabuwar sanda an tsawaita ƙasan, a ce ya zama 6. Yanzu tafiyar santimita 8 ta isa. Amma fa ba a samun riba kyauta: ƙarfin da hannu zai sa ya ƙaru da rabi. Wanda yake bin cunkoson Sabon Tasha safe da yamma zai ji a kafaɗarsa.

Idan duk da haka yaya ya ce sai an sa, ga ƙa'ida. A tabbatar sandar ta irin motar ce, domin wasu motoci da rodi suke aiki, wasu da waya. A ajiye mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a bar giya a firi. Kafin a kwance komai, a ɗauki hoto da waya don a san mazaunin kowane noti. A cire kan sandar da robarta, a fitar da tsohuwa, a shafa wa ƙwallon sabuwa giris, a duba bushin ko ya cinye, sannan a ɗaure. In sai an shiga ƙarƙashin mota, kada a dogara da jak kaɗai, a sa mata madogara.

Kafin a tayar da inji, a taka kuloci a gwada kowace giya, har da ribas. Saitin da ya karkace yana iya sa giya ta ƙi shiga sosai, ko ta fice da kanta ana tsakiyar titi. A wajen tuƙi kuma a taka kuloci har ƙasa, kada a fizgi sanda. Fizga tana cinye zobban tagulla da ke daidaita gudun haƙoran giya, gyaransu kuwa sai an sauke giyabos gaba ɗaya.

Kai kuma mai tambaya, gwajin kan titi ba naka ba ne tukuna, domin sai ɗan shekara 18 ake ba lasin tuƙi a Najeriya.

Aikin gida: idan ƙasan sandar ya zama santimita 8, tafiyar santimita nawa hannu zai yi? Ku aiko da amsa, sai mun haɗu mako mai zuwa.