Kaki a maƙogwaro da masu neman siririyar murya

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ke cin abinci da muryarsa a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Bici yakan san cewa yana da maƙogwaro. Iskar hunturu tana kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga ƙaiƙayin sussukar gero da dawa, ga hayaƙin kara da itace a kowane gida. Ladani da malamin makarantar allo da zabiya da mai tallar fura duk sukan wayi gari da kaki maƙale a wuya. Akwai kuma wasu da wannan matsala ta fi addaba, kuma su ne suka fi ƙarancin wurin kai kuka, wato mutanen da aka haifa maza amma suke horar da muryarsu ta koma irin ta mata.

A ƙasar Hausa mafi kusa da wannan su ne 'yan daudu, waɗanda aka daɗe da sani da sana'ar dafa abinci a kasuwanni da tashoshin mota. Rudolf Gaudio, masanin harshe da al'ada ɗan Amurka wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna a littafinsa Allah Made Us na 2009 cewa da yawansu suna ɗaukar kansu maza ne masu yin abu kamar mata, wasu har da mata da 'ya'ya. Saboda haka ba daidai suke da waɗanda ake kira masu sauya jinsi a Turai da Amurka ba. Sai dai maƙogwaro bai san wannan bambanci ba. Duk wanda ya tilasta wa murya hawa inda ba ta saba ba, abin da zai same shi iri ɗaya ne.

A bayan zakaran wuya akwai wasu tantani guda biyu da iska ke kaɗawa su fitar da sauti. Na babban namiji sukan kaɗa kamar sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa guda, na mace kuwa kusan sau 200. Lokacin balaga ne sinadarin jikin namiji ke tsawaita su ya kuma kaurara su, kuma shan sinadarin mata daga baya ba ya mayar da su yadda suke. Wannan ya sa horo ne babbar hanya ga mai neman siririyar murya. Su kuwa tantanin nan suna buƙatar wani ruwa mai santsi da ke lulluɓe su, kamar yadda injin niƙa ke buƙatar mai. Hanci da maƙogwaro suna samar da wajen lita guda ta majina a kullum, mutum yana haɗiye ta bai ma sani ba. Ba a jin ta sai ta yi kauri, ko kuma fatar wurin ta yi tsami.

A nan ne kuskure ke shigowa. Mai koyon sabuwar murya yakan matse wuya ya ɗaga sauti da ƙarfin tsiya. Tantanin su riƙa gogar juna fiye da kima, jiki ya ƙara turo majina don kare su, mutum ya ji abu ya tokare, sai ya yi kakari ya gyara murya. Gyaran muryar nan kuwa buga tantanin ne da juna da ƙarfi. Yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, ya bar kumburi, kumburin ya jawo sabon kaki, sai a sake kakari. Haka abin zai yi ta zagaye har murya ta dushe. Wanda kuma ya yini a gaban murhu yana suyar kaji cikin hayaƙi, yana amsa masu saye da babbar murya, ya haɗa wa kansa wahala kashi uku.

Maganin farko shi ne a daina kakarin. Idan an ji kaki, a kurɓi ruwa a haɗiye da ƙarfi, ko a fesar da iska a hankali kamar mai hura madubi, ko a rufe baki a yi ɗan guɗum-guɗum har ya motsa. Ruwan da aka sha ba ya taɓa tantanin murya, domin hanyarsa daban ce. Sai ya shiga jiki, bayan wasu sa'o'i, majinar ta tsinke. Don haka shan ruwa kaɗan-kaɗan tun safe ya fi kwankwaɗar kwano guda ana dab da magana. Abin da ke isa wurin kai tsaye shi ne tururi, kuma sirace da ruwan zafi zalla, ba tare da an zuba man zafi ba, abu ne da kowane gida zai iya. Rufe hanci da baki da rawani ko mayafi a ranar hazo da ranar sheƙa yana rage ƙura. Akwai kuma wani motsa murya da masanin murya Ingo Titze ya yaɗa a Amurka: a sa bututun shan lemo a baki, a riƙa fitar da sauti ta cikinsa ana hawa da sauka a hankali. Wannan yana sa tantanin su kaɗa ba tare da sun daki juna ba. Horo na minti biyar sau da yawa a yini ya fi na awa guda a jere, kuma da zarar an ji zafi a tsaya.

Sau da yawa tushen kakin a ciki yake. Ruwan tsamin ciki yakan tafo sama ya taɓa maƙogwaro ko da mutum bai ji ƙwannafi ba. Tuwon dare mai nauyi, yaji da maiƙo, sannan a kwanta nan take, duk suna taimaka masa. Barin sa'o'i biyu zuwa uku tsakanin abinci da kwanciya yakan yi abin da ƙwaya ba ta yi ba. Sigari da shisha kuwa ba su da wani uzuri. Magungunan mura irin su Piriton suna busar da majina ta ƙara danƙo, haka ma spironolactone, ƙwayar da ke sa yawan fitsari wadda ake bai wa masu sauya jinsi a ƙasashen waje, kuma haɗari ne babba a sha ta ba tare da likita yana duba jini ba. Alawar da ke sanyaya maƙogwaro tana rufe zafin ne kawai, mutum ya ci gaba da wahalar da muryar da ke neman hutu.

Akwai darasi guda da ƙasar Hausa ta riga masu koyar da murya na Turai sani. Abin da Gaudio ya tarar shi ne, maganar mata a bakin 'yan daudu ta fi dogara ga zaɓin kalma, karin magana, habaici, da kiran juna da “ke” da “ki”. Masana murya ma sun yarda cewa tsayin sauti kashi ɗaya ne kawai na abin da kunne ke ji ya ce mace ce ke magana. Inda sautin ke amsawa a baki, da laushinsa, da salon jan magana, suna da nasu rabo mai girma. Ga Bahaushe ma akwai ƙarin dalili, domin Hausa harshe ne mai karin sauti. Hawa da saukar murya ne ke raba wuya ta jiki da wuya ta wahala, da kuka na hawaye da kuka ta miya. Wanda ya kwaikwayi darussan Ingilishi na wayar salula ya manne a sama, zai gaji da maƙogwaro ya kuma ɓata kalmominsa.

Masu adawa za su ce wannan bayani tamkar ƙarfafa abin da addini da doka suka hana ne. Gaskiya ne cewa Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, ta kafa hukumar Hisba a 2003, kuma gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014. Gaskiya ne kuma mafi yawan jama'a ba sa kallon daudanci da idon yarda. Amma likita ba alƙali ba ne, kuma ilimin kula da maƙogwaro ɗaya ne ga mai kiran salla da mai tuyar waina. Abin da tsoro ke haifarwa a bayyane yake: mutumin da ke gudun a yi masa dariya a asibitin sha-ka-tafi zai nufi kemis ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta da ba ya buƙata, ko ruwan maganin tari. Kano ta riga ta ga ɓarnar kodin kafin gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018.

Hatsarin da ya fi wannan shi ne a ɗauki babbar cuta a matsayin kakin horo. Tarin da ya wuce mako biyu, musamman da zufar dare, rama ko jini a kaki, yana buƙatar gwajin tarin fuka, wanda kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Muryar da ta dushe har mako huɗu tana buƙatar a leƙa maƙogwaro da na'ura, kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. A gidajen karkarar arewacin Kano, inda mutum goma ke iya kwana a sashe guda, mai tarin fukan da kunya ta hana zuwa asibiti ba kansa kaɗai yake cuta ba. Ma'aikacin lafiyar da ya tambayi tsawon kwanakin tarin kafin ya tambayi dalilin siririyar murya, gidan gaba ɗaya yake karewa.